Yadda Za Ka Ba da Jini, Kuma Ka Ci Gaba da Bayarwa

A yawancin asibitocinmu, hanyar da jini yake bi ya isa ga majinyaci kowa ya san ta. Likita zai duba mara lafiya ya ce ana buƙatar leda biyu, a rubuta wa dangi takarda, su kuma su bazama suna buga waya ga ƙanne da abokai da maƙwabta, wani lokaci ma da tsakar dare. Idan Allah ya sa an samu masu bayarwa, sai an auna su, sai an ɗibi jinin, sai an tantance shi, sannan a gwada shi da na majinyacin a ga ko sun dace, kuma kowane mataki daga cikin waɗannan yana cin lokaci. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa ba ta da wannan lokacin, domin irin wannan zubar tana iya hallaka mace lafiyayya cikin 'yan awoyi, kuma ita ce kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa. Haka yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye masa jini har tafin hannunsa ya yi fari fat. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jinin da ke ceton irin waɗannan mutane shi ne wanda wani ya riga ya bayar tun makon jiya, ba tare da ya san wanda za a ƙara wa ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne jini ba ya ajiyuwa na dogon lokaci. Ledar da aka ɗiba ana saka ta a firji mai sanyin digiri 2 zuwa 6, kuma iyakarta kwana 35, ko 42 idan an yi amfani da wani ruwan adanawa na musamman. Ƙananan ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa kuwa, idan an ware su daban, kwana biyar kacal suke yi. To, duk ranar 14 ga Yuni ana bikin ranar masu ba da jini ta duniya, wadda aka ɗora kan ranar haihuwar Karl Landsteiner, likitan Ostiriya da ya gano rukunan jini a 1901, kuma a ranar akan yi gangami, a tara jini mai yawa, a ɗauki hotuna. Wannan abu ne mai kyau, amma duk abin da aka tara ranar ya ƙare ko ya lalace kafin ƙarshen Yuli, daidai lokacin da damina ta kankama, sauro ya yawaita, ɗakunan yara suka fara cika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa idan mutum ɗaya cikin ɗari yana bayarwa, ƙasa za ta iya biyan buƙatarta ta yau da kullum. A ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 kamar Nijeriya, wannan na nufin leda miliyan biyu a shekara, kuma abin da ake samu bai kai haka ba, sannan mafi yawansa daga dangin majinyata da masu sayarwa yake fitowa. Abin da aka rasa shi ne mutumin da zai dawo da ƙafarsa bayan wata uku ko huɗu, ba don an kira shi ba.

Wa ya cancanta

Sharuɗɗan ba su da yawa. Ana son mai shekara 18 zuwa 65, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, wanda kuma yake jin lafiya ƙalau a ranar. Za a auna ƙarfin jininka kafin a ɗiba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne himogulobin, wato sinadarin da ke ba jini launin ja, ya kai 13 ga namiji, 12 ga mace, kodayake wasu cibiyoyin suna da nasu adadin da ya ɗan bambanta, wasu kuma da PCV suke lissafi, wato kason jajayen ƙwayoyin da ke cikin jini. Mace mai juna biyu ba ta bayarwa, haka wadda ba ta yi wata shida da haihuwa ba, haka mai shayarwa. Haila ita kanta ba ta hana bayarwa, sai dai wadda takan zubar da yawa ya fi mata ta jinkirta har ta gama ta huta.

Akwai rukunin mutanen da kan cire kansu da kansu alhali ba a cire su ba. Mai jinin AS yana iya bayarwa, kuma wannan yana da muhimmanci a ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jama'arta AS ne. Abin da ake so kawai ya faɗa wa ma'aikata, domin ba a son a ƙara jininsa ga mai amosanin jini ko ga jariri sabon haihuwa. Mai SS ne ba ya bayarwa. Mai hawan jini da yake shan magani kuma jininsa ya daidaita, ana karɓa daga gare shi a yawancin wurare, haka mai ciwon suga da yake kan ƙwaya ko kan tsarin abinci, ban da mai allurar insulin. Wanda ya yi zazzaɓi ko ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta sai ya jira kamar mako biyu bayan ya warke, wanda aka cire masa haƙori ya jira mako guda, wanda aka ƙara wa jini kuwa ya jira shekara.

Za a yi maka tambayoyi, wasu daga ciki masu nauyi a baki, game da mu'amalarka da mata ko maza, da allurai, da ƙaho, da tsaga, da sakiya, da askar da wanzami ya yi wa mutane da yawa aski da ita. A nan ne mai bayarwa yake nuna ko shi wane ne. Kowace leda ana gwada ta don cututtuka huɗu: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, nau'in C, da tunjere. Amma akwai ɗan lokaci bayan kamuwa da cuta wanda gwaji ba ya iya ganin ta, kwanaki ko makonni, gwargwadon irin gwajin da asibiti yake da shi, kuma a cikin wannan lokacin jinin zai wuce a matsayin lafiyayye ya shiga jikin wani. Abin da ke toshe wannan kafa shi ne gaskiyar mai bayarwa. Shi ya sa jinin wanda ya zo don kansa ya fi aminci a kan na ɗan'uwan da aka taso shi gaban dangi, wanda kunya ba za ta bar shi ya ce akwai abin da yake shakka ba, ya kuma fi na mai sayarwa nesa ba kusa ba, domin shi wannan idan ya faɗi gaskiya ya rasa kuɗinsa. Idan kana da shakka a kan kanka, ka je ka yi gwaji a sashen gwaji. Ba a zuwa ba da jini don a san matsayin lafiya.

Inda za ka je

Ba kowane ɗakin gwaje-gwaje da ke bakin titi ne wurin ba da jini ba. Ka nemi asibitin da yake da ma'ajiyar jini ta gaske, mai firji da wuta da ma'aikatan da suka san aikin. Manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da ke Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, duk suna da sashen jini, haka manyan asibitocin jihohi da cibiyoyin lafiya na tarayya. Akwai kuma cibiyoyin hukumar kula da jini ta ƙasa, wadda aka kafa ta da doka a 2021. A Nijar akwai cibiyar ƙarin jini ta ƙasa a Yamai, da rassa a manyan garuruwa irin su Maraɗi da Damagaram. Shawarata ita ce ka zaɓi wuri ɗaya wanda zuwa gare shi ba zai zame maka aiki ba, ka kuma tsaya a kansa, domin a san fuskarka, a ajiye bayananka wuri guda, kai ma ka san lokacin da babu cunkoso.

Idan ka isa, ka tambayi ɗakin ɗibar jini. Tambayar farko da za a yi maka kusan kullum ita ce: “Malam, wane ne majinyacin naka, a wane ɗaki yake?” Ka ce ba ka da majinyaci, kyauta ka zo bayarwa. Na sha ganin ma'aikaci ya ɗaga kai daga littafinsa ya sake tambaya don ya tabbatar ya ji daidai, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna ƙarancin masu zuwa ta wannan fuska. A bakin ƙofar wasu asibitoci za ka iya cin karo da masu tare mutane suna tambaya ko jini ake nema ko kuwa sayarwa za a yi. Ka wuce su. Dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta hana cinikin jini, kuma ko ba doka, wanda yake sayar da jininsa kowane mako biyu yana cutar kansa, yana kuma ba majinyaci jini marar ƙarfi.

Ranar bayarwa

Kada ka je da yunwa, kada kuma ka je bayan ka kwana ba barci. Ka ci abincinka na yau da kullum awa biyu ko uku kafin lokacin, abin da ba maiƙo ya yi masa yawa ba, sannan ka sha ruwa kamar rabin lita dab da shiga. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, ya fi kyau a je da safe kafin rana ta take. Ka sa riga mai faɗin hannu wadda za ta naɗu har sama da gwiwar hannu.

Za a auna nauyinka da bugun jininka, sannan a soki ɗan yatsa a ɗauki ɗigo guda. Wasu wuraren suna da ƙaramar na'ura mai nuna adadi nan take, wasu kuma har yanzu suna ɗiga jinin a cikin wani ruwa shuɗi da ke cikin kwalba: idan ɗigon ya nitse cikin 'yan daƙiƙu, jininka ya isa, idan kuwa ya tsaya yana shawagi a sama, yau ba ranarka ba ce. Bayan nan sai ka kwanta ko ka kishingiɗa, a ɗaure damtse, a nemo jijiya a lanƙwasar hannu, a goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ka lura da ledar: sabuwa ce, a rufe take, allurar kuma a manne take da ita tun daga masana'anta, sau ɗaya ake amfani da ita a jefar. Saboda haka mai bayarwa ba ya ɗaukar cuta ta hanyar bayarwa, kuma haƙƙinka ne ka ga an buɗe ta a gabanka.

Allurar ta fi ta allurar magani kauri, ba zan ɓoye maka ba, kuma shigarta akwai zafi, amma na daƙiƙa biyu ne ko uku. Idan ba ka son gani, ka juya fuskarka bango. Ba abin kunya ba ne. James Harrison, mutumin Ostareliya da ya bayar sau 1,173 tsakanin shekarunsa 18 da 81, kuma aka yi amfani da ruwan jininsa wajen haɗa allurar da ke kare jariran mata masu rukunin jini negetif, an san shi da cewa ba ya kallon allurar idan za a soka masa. (Shi, a lokacin da yake bayarwa, ruwan jini kawai ake tacewa a mayar masa da sauran, shi ya sa yake iya zuwa kowane mako biyu, kada wani ya ce zai kwaikwayi adadin.) Da jini ya fara zuba za ka ji ɗumin bututun a kan fatarka, a ba ka wani abu ka riƙa matsawa a hankali, ledar kuma tana kan ma'auni ana jujjuya ta don jinin ya gauraya da ruwan da ke hana shi daskarewa. Abin da ake ɗiba mililita 450 ne, bai ma kai ledar fiya wata guda ba, daga cikin kusan lita biyar da ke jikin babban mutum, kuma cikin minti goma ko ƙasa da haka an gama.

Wasu sukan ji jiri, ko gumi mai sanyi, ko tashin zuciya, musamman a karon farko da kuma matasa marasa jiki. Yawanci ba ƙarancin jini ne ke kawo shi ba, fargaba ce ke sa bugun zuciya ya yi ƙasa, jini ya ragu a kai. Maganinsa mai sauƙi ne: ka harɗe ƙafafu, ka ɗaure naman cinya da na ciki na 'yan daƙiƙu, ka saki, ka maimaita har a gama. Idan ka ji abin yana zuwa, ka faɗa nan take a kwantar da kai a ɗaga ƙafafunka. Jarumtar yin shiru ita ce ke kai mutum faɗuwa a bakin ƙofa.

Bayan an cire allura, ka danne wurin da auduga minti biyar, hannu a miƙe, sannan ka zauna minti goma zuwa sha biyar ka sha abin da aka ba ka. Ranar nan ba ta ɗaukar kaya mai nauyi ba ce, ba ta ƙwallo ba, ba ta hawa gini ko shiga rijiya ba. Ɗan acaɓa, da direban babbar mota, da lebura, da manomi a lokacin noma, su zaɓi ranar hutunsu ko su je bayan sun tashi daga aiki. Idan wurin ya yi ɗan baƙi ko shuɗi, zai washe cikin mako ɗaya ko biyu. Idan kuwa hannu ya kumbura sosai ko yatsu suka riƙa mutuwa, a koma asibiti.

Abin da jiki yake mayarwa da wuri, da wanda yake jinkiri

Nan ne mafi yawan masu niyyar ci gaba suke tuntuɓe, don haka zan ɗan tsaya. Ruwan jinin da ka rasa yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu idan kana shan ruwa. Jajayen ƙwayoyin jini suna ɗaukar makonni huɗu zuwa takwas. Amma sinadarin ƙarfe, wanda da shi jiki yake gina waɗannan ƙwayoyin, shi ne mai nawa: kowace leda tana tafiya da kusan miligiram 200 zuwa 250, alhali abin da hanji yake tsotsa daga abinci a rana miligiram ɗaya ne ko biyu, ko ya ɗan ƙaru idan jiki yana buƙata. Wannan ne dalilin tazarar da aka sa, wata uku ga namiji, wata huɗu ga mace, domin ita tana rasa wani a haila. Mutum yana iya cin gwajin ɗan yatsa alhali ajiyarsa ta ƙarfe ta kusa ƙarewa, sai a karo na huɗu ko na biyar a ce masa jininsa bai kai ba, ya tafi yana cewa ba da jini ya shanye shi.

Al'adar da aka saba ita ce a sayo wa wanda ya ba da jini lemon malt da madarar gwangwani a haɗa masa. Babu laifi a sha, ruwa ne da sukari, kuma jiki yana son su a lokacin, amma ba sa ƙara jini, madara ma tana rage tsotsar ƙarfe. Haka zoɓo: launinsa ja ne, amma launi ba jini ba ne. Abin da ke aiki shi ne hanta, da jan nama, da kifi, waɗanda ƙarfensu ya fi saurin shiga jiki, sannan wake, da zogale, da alayyafo, da miyar kuka, da gero. Na ganye da hatsi yana shiga sosai idan an haɗa shi da abu mai tsami irin lemon zaƙi, ko gwaba, ko tumatir ɗanye. Shayi kuwa yana hana shi shiga, don haka mai son shayi ya raba shi da abinci da kamar awa guda. Wanda yake bayarwa a kai a kai, musamman mace, ya tambayi likita ko ya dace ya sha ƙwayar ƙarin jini na 'yan makonni bayan kowace bayarwa. Ƙwayar tana da araha, takan sa bayan gida ya yi baƙi, kuma dole a ɓoye ta daga yara domin tana yi musu illa ƙwarai idan suka haɗiye da yawa.

Yadda abin yake zama jiki

Niyya kaɗai ba ta mayar da mutum asibiti, domin wata uku lokaci ne mai tsawo, kuma babu abin da zai tuna maka. Kafin ka bar ɗakin, ka tambayi ranar da za ka iya dawowa, ka sa ta a wayarka, ka kuma nemi katin mai bayarwa idan suna da shi, ko ka riƙa rubuta kwanan wata da adadin da aka auna a wani littafi naka. Wannan rubutun yana da amfani biyu: yana hana ka zuwa kafin lokaci, yana kuma nuna maka idan adadin yana sauka a hankali, don ka ƙara tazara tun kafin a mayar da kai.

A ganina, sau biyu ko uku a shekara na tsawon shekara ashirin ya fi sau huɗu na shekara ɗaya sannan a daina. Ya fi kuma a ɗora ranakun a kan lokutan da buƙata ta fi tsanani. Na farko shi ne tsakiyar damina zuwa farkon kaka, Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. Na biyu ƙarshen shekara, lokacin da tafiye-tafiye suke yawa, haɗurra kuma suke ƙaruwa. Na uku shi ne dab da azumi, domin a watan Ramalana masu bayarwa suna raguwa sosai, alhali haihuwa da tiyata da ciwon amosanin jini ba sa tsayawa. Bayarwa a watan Sha'aban tana cike wannan giɓin, sai dai a tuna cewa watan yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka a riƙa duba tazararsa da sauran ranakun. Game da bayarwa da rana a cikin azumi, malamai sun yi ƙiyasinta da ƙaho, kuma sun saɓa: mafi yawa, har da Malikiyya, suna ganin ƙaho ba ya karya azumi, sai dai an ƙi shi ga wanda ake jin tsoron zai galabaita, Hambaliyya kuwa suna ganin yana karyawa. Ta fuskar lafiya dai, jikin da bai sha ruwa ba tun asuba ba a son a ɗibi jininsa, saboda haka idan ba larura ba, a bari sai bayan buɗa-baki.

Abokin tafiya yana taimakawa fiye da ƙararrawar waya. Mutum biyu ko uku daga majalisa ɗaya, ko wurin aiki, ko masallaci, ko coci, idan suka sa rana tare, da wuya dukansu su yi kasala. Mata kuma su sani cewa wannan ba aikin maza kaɗai ba ne. Mace lafiyayya da ba ta da ciki kuma ba ta shayarwa tana bayarwa lafiya lau, kuma zuwan mata rukuni guda yana sauƙaƙa musu maganar izini da rakiya.

Za ka ji maganganu a gari. Za a ce wanda ya fara bayarwa jininsa zai riƙa yawa har ya zame masa dole. Ba haka ba ne, jiki yana mayar da abin da ya rasa ne ya tsaya. Za a ce yana rage ƙarfin namiji. Babu wata alaƙa. Wasu kuma akasin haka, suna zuwa don a rage musu jini saboda hawan jini, alhali hawan jini ba yawan jini ba ne, kuma bayarwa ba ta maye gurbin magani. Maganar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa: “Ni na bayar kyauta, amma an karɓi kuɗi a hannun majinyaci.” Gaskiya ne ana karɓa a wurare da yawa, kuma abin da ya kamata kuɗin ya zama shi ne na leda, da kayan gwaje-gwajen nan huɗu, da gwajin dacewa, da man janareton da ke riƙe firji dare da rana. Tambayar tana kan hanya, kuma mai bayarwa yana da bakin yin ta fiye da kowa: ya tambayi nawa ake karɓa, ko ana ba da rasit, da kuma abin da ake yi wa wanda ba shi da hali. Idan amsar ba ta gamsar da kai ba, ka sauya cibiya, kada ka daina bayarwa.

Ka riƙa neman sakamakon gwajinka. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba, kuma da dama a wurin ba da jini suke fara ji. Wanda aka gaya masa haka ba zai ƙara bayarwa ba, amma ya samu labarin da zai iya ceton hantarsa: ya je a tabbatar da gwajin, ya ga likita, a gwada iyalinsa, a yi wa waɗanda ba su da shi rigakafi. Wanda aka samu ba shi da shi kuwa, ya yi allurar rigakafin nan guda uku, don ya kare kansa ya kuma kare jinin da yake bayarwa. Idan kuma don ƙarancin jini aka mayar da kai, wannan jinkiri ne kawai. Ka gyara abinci, a duba ko akwai tsutsar ciki ko zazzaɓi, ka koma bayan wata uku.

Daga ƙarshe akwai maganar rukuni. Kusan rabin mutanen ƙasar nan rukunin O ne, saboda haka kada mai O ya ce irin nasa ya yi yawa. Masu buƙatarsa ma su ne suka fi yawa. Masu negetif kuwa ba su wuce kamar mutum ɗaya cikin ashirin ba, kuma O negetif shi ne wanda ake iya ƙara wa kowa idan babu lokacin gwaji. Idan kana cikinsu, ka bar lambar wayarka a ma'ajiyar jini, ka kuma tambaye su ko sun fi son ka riƙa zuwa bisa jadawali ko ka jira kiransu, domin wasu cibiyoyin sun fi son na biyun don kada jinin ya lalace a firji.

Da zarar an san kana bayarwa, kira zai riƙa zuwa, kuma wata rana zai zo alhali makonka shida kacal da bayarwa, mai kiran yana kuka, majinyacin kuma ɗan unguwarku ne. Kada ka ɓoye ranar da ka bayar don a karɓa, domin ɗibar jinin da bai gama dawowa ba, abu ne da zai raunana ka, ya kuma iya fitar da kai daga layin masu bayarwa na watanni. Abin da zai fisshe ka a ranar shi ne jerin sunayen da ka tanada tun da wuri: mutum goma ko sha biyar da ka san rukunin jininsu da ranar da kowannensu ya bayar na ƙarshe, da izininsu, a takarda ko a zauren WhatsApp. Sai ka duba wanda lokacinsa ya yi, ka kira shi, ka ɗauke shi a babur ko a mota ka kai shi, ka zauna da shi har a gama, sannan ka rubuta sabuwar ranarsa a gaban sunansa.